Allon Aya a Ajin Madam Bushira

Madarunfa, 9 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Maryama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na rijiyar zinari. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Maryama ta yi masassara da ƙarshen damina, na kai ta likita aka ba ta magani, yanzu har ta koma ɓarnarta. Gwiwar Inna tana nan yadda ka bar ta, wata rana ta fito tsakar gida, wata rana a zaune take sallah. An yanke gero an sa a rumbu. Waken ne bai yi ba, tsutsa ta shige shi.

Mamman direba ya ce kamiyonsu zai tashi jibi. Na ba shi ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen kifin tabki ya kawo maka. Tunda can wurinku babu rezon waya, dole in zuba maka komai a takarda, ka yi haƙuri da tsawonta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne zaɓen meri na ƙananan hukumomi da za a yi a Disamba. Yayanka Isma'ila ya tsaya takarar konseye, wakilin unguwarmu. Tun da ya ajiye allin koyarwa mutanen unguwa ke matsa masa, bana ya yarda. Wanda suke karawa da shi Alhaji Ɗan Baba ne, mai motocin Jibiya.

Ranar da muka koma lakwal, makarantarmu ta boko, sai ga mutanen Alhaji da amalanke cike da allunan katako. An yi musu koren fenti, an rubuta Ayatul Kursiyyu da farin rubutu mai kyau. Kowane aji aka buga ƙusa aka rataya ɗaya bisa tablo, inda muke rubutu da alli. A ƙasan ayar kuma an sa sunan Alhaji da alamar jam'iyyarsa, ƙanana ne amma ana ganinsu daga bencin baya. Iyaye sun yi murna. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, idan na shiga aji da safe na ɗaga kai na ga ayar, sai in ji sanyi a raina.

To, ranar taron iyayen yara Yaya ya miƙe. Ya ce lakwal ta gwamnati ce, ta kowa ce, har da ɗiyar ma'aikacin likitan nan Kirista da ɗiyan sauran gidajen Kirista na bayan kasuwa, waɗanda su ma haraji ɗaya suke biya da mu. Ya ce wurin aya masallaci ne da makarantar allo, inda ake taɓa ta da alwala, ba ajin da yara ke jifan juna da takalmi ba. Ya ce yau Alhaji ya kawo nasa da sunansa a ƙasa, gobe mutanen wani masallaci za su kawo nasu, sai bangon aji ya zama wurin gardama. Idan an zaɓe shi zai nemi a sauke su a kai su inda ya dace. Bai tsaya nan ba, ya je rediyon gari ya maimaita.

Tun ranar Inna ba ta cin tuwon kirki. Ni kuwa ina tsakiya, allon yana cikin ajina, mai maganar kuma yayan mijina ne. Ka rubuto masa ko zai sassauta harshe. Yana jin maganarka fiye da yadda kake zato.

Inna da Maryama suna gaishe ka.

Matarka,
Bushira

Cibarakatan, 24 ga Oktoba

Bushira,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki da saƙo, Allah ya yi albarka. Kifin bai kwana ba, 'yan Maraɗi suka taru a kansa. Lafiyata lau, sai tari da ƙurar rami ke sa mu duka. Ki gaishe da Inna, ki ce mata ta riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Ki shafa min kan Maryama.

Labarin Yaya ya riga takardarki shiga kunnena. A kamiyon da ya kawo ta akwai wanda ya zo da muryarsa cikin salula. Ki san nan ba mu da rezo, amma abu in ya shigo salula ɗaya, kafin la'asar ya zaga duka. A wurin mai shayi suke kunna shi. Muryar Yaya ce, ba ta ɓace min ba, yana cewa a sauke ayoyin nan daga bangon lakwal. Su kunna, su mayar, su sake kunnawa. Yanzu sunana a nan ƙanen mai sauke aya. Wani ɗan Safo da ke riƙe min igiya idan na sauka rijiya ya ce sai ya yi tunani kafin ya ƙara riƙe min. Ke kin san abin da igiya take nufi a wannan aiki.

Na karanta hujjojin da kika ce ya kawo, ba su shige ni ba. Babanmu ladan ne har ya rasu, da kiran sallarsa aka tashe mu. Me ayar Allah ta tsare wa Yaya? Madarunfa garin Musulmi ne. Kiristocin da yake magana tare muka tashi da su, tare muka yi kamun kifi, ban taɓa jin ɗayansu ya ce wani abu namu ya dame shi ba. In sunan Alhaji ne ya tsaya masa a rai, a goge sunan a bar ayar. Amma Yaya tun muna yara haka yake, in ya faɗi magana sai ya kai ta ƙarshe ko da gida zai rushe.

Ba zan rubuta masa ba. In na ɗauki biro a halin da nake ciki zan rubuta abin da ƙane bai kamata ya gaya wa yayansa ba.

Ke kuma ga abin da nake so. Babu ruwanki. Ki shiga aji ki koyar ki fito. Kada ki taɓa allon nan, kada ki sa baki ko a famfo ko a gidan suna. Siyasa ce, za ta wuce, mu za a bari da mutanen gari.

Mijinki,
Rabi'u

Madarunfa, 8 ga Nuwamba

Baban Maryama,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta zo, na ji batun tarin, don Allah ka riƙa ɗaure hanci da rawani in za ka sauka. Mu jikinmu lafiya. Hankalinmu ne ba a kwance ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Ranar Talata ansifekta ya zo lakwal da motarsa. Ya zaga azuzuwa, ya ce allunan suna ɗauke da alamar jam'iyya, doka ba ta yarda ba, a sauke su kafin a tashi. Nan take diraktan lakwal ɗinmu ya tuna yana da uzuri a Maraɗi. Malamai maza kowa ya sunkuyar da kai. Da ansifekta ya ga babu mai motsi sai ya sa direbansa. Direban ya fara da ajin da ke kusa da nawa. Ta taga nake kallo, ya fizge allon daga ƙusa, ya fito ya wurga shi bayan mota. Allon ya kife bisa taya da jarkar esansin mota, rubutun yana kallon ƙasa.

Na san ka ce kada in taɓa. Na tuna maganarka a lokacin, ba mantawa na yi ba. Amma da ya nufo ajina sai na tare ƙofa na ce ya dakata. Na je famfo na yi alwala, na dawo na hau benci na sauke allon da hannuna. Na cire mayafina na naɗe shi. Na je na ɗauko wanda ke bayan mota na goge shi, na sauke sauran, na ɗora su a kai na kai masallacin Juma'a na damƙa wa ladan. Ya karɓa ya sa min albarka.

Ashe akwai wanda ya tsaya bayan katanga yana ɗaukar hoto da salula. Bai ɗauki direba ba, bai ɗauki alwala ba, bai ɗauki masallaci ba. Abin da ya ɗauka ni ce bisa benci ina cire allo daga ƙusa. Kafin magariba an ce matar ƙanen Malam Isma'ila ta fara aikin da ya yi alkawari.

Yaya ya rantse wa Inna bai san da zuwan ansifekta ba, kuma na yarda da shi, amma a gari babu mai saurare. Matan da muke ɗiban ruwa tare yanzu in na iso sai hira ta mutu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wasu samari suka biyo ta ƙofar gidanmu suka yi ta jifan kwanon rufi. Dutse ɗaya ya faɗo tsakar gida ya fasa randar Inna, Maryama tana wasa kusa da ita. Salulata ma na kashe, don lambobin da ban sani ba ke kira suna zagi.

Rabin ajina ba sa zuwa. Abin da ya fi ba ni tausayi, ma'aikacin likita shi ma ya janye ɗiyarsa. Ya tare ni a hanya ya ce, "Madam, mu ba mu roƙi kowa ya sauke komai ba, amma mu ake harara a kasuwa." Na kai wa Yaya wannan magana. Ya ce tsoron da ya hana mutumin nan faɗin ra'ayinsa shi ne dalilin da ya sa dole wani ya faɗa. Na ce masa wataƙila mutumin ra'ayinsa ke nan ya faɗa.

Ban yi don Yaya ba, ban yi don Alhaji ba. Na kasa tsayawa ne in ga an wurga aya bisa taya. In ka ga hoton, ka tuna da wannan.

Matarka,
Bushira

Cibarakatan, 21 ga Nuwamba

Bushira,

Kamiyo na shirin tashi, a tsaye nake rubutu. Lafiyata lau. Takardarki ta zo, hoton ma na gani. Na ce kada ki taɓa, kin taɓa. Ki tattara kayanki ki koma gidanku Gabi. Kada ki ƙara kwana a gidan nan. Sauran magana sai na zo.

Rabi'u

Gabi, 3 ga Disamba

Zuwa ga Malam Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Maryama lafiya, mutanen gidanmu lafiya. Ban san da wane suna zan kira ka ba a takardar nan, shi ya sa na rubuta wanda kowa ke kiranka da shi.

A zaure Mamman direba ya miƙa min takardarka, a tsaye na karanta. Babu gaisuwar Inna a ciki, babu sunan Maryama, ba ka ce mijinki ba a ƙasa kamar yadda ka saba. Inna ta ga fuskata ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce in sake. Da na kai wurin da ka ce kada in ƙara kwana, sai ta kama bango ta zauna. Ta roƙe ni in tsaya, na ce mata mai gidan ya ce in fita, ba zan kwana ba. Na ɗaure kayana aka sa a amalanke, ni da Maryama muka bi motar kasuwa.

Kawu Abubakar, wanda ya ba ka aurena, shi na kai wa takardar. Ya sa aka karanta masa, ya karɓa ya juya bayanta ko akwai ƙari. Ya ce kalmar saki ba ta ciki, amma irin wannan lafazi hukuncinsa yana ga niyyar mai shi. In saki ka nufa, ya auku tun ranar da ka rubuta. In ba shi ka nufa ba, aure yana nan. Ya ce babu malamin da zai iya shiga zuciyarka, sai an ji daga gare ka. Don haka ina zaune, ban san matar aure ce ni ko mai idda ba.

Aiki ban bari ba. Litinin nake tafiya Madarunfa, in sauka ɗakin Madam Hadiza abokiyar aikina, Juma'a in dawo. Maryama tana wurin mahaifiyata. Kullum ta ƙofar gidanku nake wucewa zuwa lakwal, in gaishe da Inna daga bakin zaure, ba na shiga.

Maganar ba ta ɓoyu ba, amalanke da kayan ɗaki ba ya wucewa a asirce. Yanzu an buɗe kamfen zaɓe, motar Alhaji mai lasifika tana zaga gari, maroƙinsa yana cewa mutumin da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya kori matarsa saboda aya, wa zai ba shi amanar gari. Ranar kasuwa da kunnena na ji, ina sayen gishiri.

Shekaranjiya Yaya Isma'ila ya zo Gabi. Ya zauna bisa tabarma gaban Kawu, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya ce shi ya jawo wannan, kuma in janyewarsa daga takara za ta gyara aurena, ko ya koma rediyo ya ce ya yi kuskure, gobe zai yi. Kawu ya ce a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Yaya, ka canza ra'ayi ne?"

Ya ce, "A'a."

Na ce, "To kada ka je rediyo ka yi ƙarya saboda ni. Ƙaryar ba za ta gaya mana abin da ƙanenka ya nufa ba."

Ya tashi ya tafi ko furar da aka dama masa bai sha ba.

Ba roƙonka nake yi ba. Abin da na yi a aji, in aka maimaita ranar zan sake yi. Tambaya ɗaya ce kawai, kuma layi ɗaya ya isa amsarta. Me ka nufa?

Bushira

Gabi, 20 ga Disamba

Malam Rabi'u,

Sallama. Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Wannan addu'ar ba ta al'ada ba ce yau, don ban san halin da kake ciki ba.

Mamman ya dawo jiya ba tare da amsa ba. Ya ce bai same ka a Cibarakatan ba, an ce ka bi wasu zuwa sabon wuri can wajen iyakar Aljeriya. Ya bar takardata hannun mai shayi. Da na matsa masa sai ya ce akwai raɗe-raɗin rami ya rufta da mutane a sabon wurin, amma bai ji sunaye ba. Ya faɗa yana kallon gefe. Tun jiya na ɗauki tsintsiya na ajiye, na ɗora tukunya na manta da ita har ta ƙone. A da ina tambayar kaina ko idda nake yi. Yanzu ban san ko takaba ce ke jirana ba, kuma ban san ko ina da hurumin yin ta ba. Inna ban gaya mata ba.

Bari in ba ka labarin zaɓe. An yi ranar Lahadi. Yaya bai janye ba, bai kuma sauya magana ba. A taronsa na ƙarshe a bakin kasuwa wani dattijo ya ce masa ya ce kawai za a mayar da allunan, su zaɓe shi, don sun san shi ya koyar da ɗiyansu. Ya ce ba zai sayi ƙuri'a da aya ba, ko ta hanyar rataya ta ko ta hanyar alkawarin rataya ta. Wasu suka tafa, da yawa suka watse.

Na je Madarunfa na yi zaɓe, a lakwal ɗinmu aka ajiye akwati. Ina cikin layin mata sai ga Inna bisa amalanke, maƙwabta sun kawo ta. Ta ce ko da rarrafe sai ta zo ta zaɓi ɗanta, ko da ba ta yarda da maganarsa ba. Da ta gan ni ta kama wuyan hannuna ta riƙe har layi ya kawo kanmu, a gaban duk matan da suka daina gaishe ni. Ni ma Yaya na zaɓa. Har yanzu ban tabbata yana da gaskiya duka ba, amma shi kaɗai na ga bai yi ciniki da abin ba.

Ya faɗi. Mutanen Alhaji suka kwashe kujerun unguwarmu. An yi kiɗa da zagaye bisa moto masu taya biyu, aka wuce ta ƙofar Yaya ana ihu, shi kuwa yana zaune yana gyaran dangar lambunsa.

Alluna kuma suna nan jingine a ɗakin ajiya na masallaci. Tun da aka faɗi sakamako babu wanda ya ƙara zancensu. Ladan ya aika gidan Alhaji a zo a ɗauka, aka ce Alhaji ya tafi Yamai. Yara sun fara dawowa aji, har ɗiyar ma'aikacin likita. Gari ya koma harkarsa kamar ba a yi ba, ni kaɗai aka bari a Gabi.

In kana raye ka rubuto. Ko saki ne ka rubuto, zan karɓa in gode wa Allah da hannunka ne ya rubuta.

Bushira

Agadas, 6 ga Janairu

Zuwa ga matata Bushira, Maman Maryama,

Assalamu alaikum. Ina raye. Ina kwance a likitar Agadas, ƙafar hagu ta karye a ƙasan gwiwa, an ɗaure ta, an ce za ta warke. Ki gaya wa Inna da bakinki, ki fara da cewa ina raye.

Ban sake ki ba. Wallahi ban nufi saki ba, ko a zuciya ban ayyana shi ba. Na sa wannan a sama don kada ki nema.

Takardunki biyu tare suka same ni jiya, mai shayi ya ba wani ɗan Tasawa ya biyo ni da su. Da na karanta ta farko na nemi tashi, na manta da ƙafa, sai da aka danne ni. Na ari salula na kira lambarki a kashe, na kira Kawu Abubakar na rantse masa. Ya ce ya ji, amma tunda a rubuce maganar ta zo, in rubuto warwararta a rubuce. Ga ta.

Ga yadda aka yi. Kamiyon da ya kawo takardarki ta randa, a cikinsa akwai wani ɗan unguwarmu. Ya ja ni gefe ya ce ya ji samari na cewa Juma'a mai zuwa wuta za su sa wa gidan. Ko gaskiya ne ko ƙari ya yi, ban sani ba. Ni dai na ga Maryama kusa da randar nan. Direba yana ta danna oda, na yagi takarda na rubuta a tsaye. Na ce gidanku saboda can ne na san babu mai taɓa ku. Inna kuwa na san babu mai jifan tsohuwa in ba kya ciki. Fushi ma akwai, ba zan ɓoye ba, na so ki ji na ji haushi, shi ya sa na gajarta. Amma ban taɓa tunanin za a karanta ta haka ba. Yanzu da na maimaita kalmomin a bakina, na ga ni ma da haka zan karanta.

Barin Cibarakatan kuwa dole ce ta sa. Bayan hotonki ya zaga babu mai riƙe min igiya. Na bi wasu Buzaye zuwa sabon wuri inda ba a san Yaya ba. Can gefen rami ya zubo mana. Ni na fita da karaya, mutum biyu ba su fita ba, Allah ya jiƙansu.

Abin da kika yi a aji, na sake karanta yadda kika faɗa. Da ni ne a tagar nan na ga aya bisa taya, ban san abin da zan yi wa direban ba. Ke kin fi ni hankali. Amma batun Yaya ina nan kan bakana. Aya ba ta cutar da kowa a bango, kuma da ya yi shiru da duk wannan bai faru ba. Ban ji daɗin faɗuwarsa ba, ban kuma shirya ganinsa ba.

Da an kwance ƙafar zan hau mota. Ki koma gida ki jira ni, ki kula da Inna. Ki yafe min.

Mijinki,
Rabi'u

Gabi, 12 ga Janairu

Baban Maryama,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah ya tsallakar da kai. Ya jikin? Kada ka yi gaggawar taka ƙafar, ka bi abin da likita ya ce. Mu lafiya lau. Na je na gaya wa Inna yadda ka ce, ta yi kuka ta yi dariya, washegari ta sa aka toya waina aka raba sadaka. Maryama tana ta gaya wa kaji babanta zai zo.

Kawu ya tara mutanen gida aka karanta takardarka a gabansu. Ya ce aure yana nan, babu abin da ya taɓa shi. Ranar na ci abinci har na ƙara. Na yafe maka, wannan ma na sa shi a sama don kada ka nema.

Sai dai batun in koma gida in jira ka, ba zai yiwu ba. Da rana tsaka na fita daga gidan nan da kayana bisa amalanke, gari duka yana kallo, aka sa ni a lasifika ranar kasuwa. Ba zan lallaɓa in koma ni kaɗai kamar wadda ta je unguwa ba. Kawu ma ya ce haka. Za ka zo Gabi ka yi biko, a mayar da ni da rana yadda na fita. Kafin nan Inna ba za ta rasa mai kula da ita ba, kullum in na tashi daga lakwal ina biyawa in yi mata abin da take so.

Kawu ya ƙara da cewa ba zai karɓi biko daga hannunka kai kaɗai ba, sai ka zo da babba daga gidanku. Na ce masa babanku ya rasu, baffanku yana Kano ba ya iya tafiya. Ya ce ai kana da wa. Na gaya masa ka ce ba ka shirya ganinsa ba. Ya ce to ka shirya.

Na sami Yaya a lambu na gaya masa. Bai tambaye ni abin da ka ce a kansa ba, ya dai tambayi wace ƙafa ce, kuma ko kana cin abinci. Ya ce ka aiko da ranar da motarku za ta shigo Maraɗi, zai jira ka a tasha da motonsa mai taya biyu, ya ɗauko ka zuwa nan. Hanyar tana da tsawo, ta ishe ku ku yi gardamarku ta aya, kai a baya shi a gaba. Ba na sa ran ɗayanku zai sauko daga ra'ayinsa, ni ma kuma ina da nawa wanda ba naka ba ne ba nasa ba. In kun iso ƙofar Kawu ku ajiye ta a waje ku shigo.

Na roƙe shi ya bi a hankali wurin ramukan hanya saboda ƙafarka. Kai kuma ka riƙe shi da kyau.

Matarka,
Bushira